Benny Moré: Mawaƙin Kyuba mai malafa da sanda

Duk wanda ya taɓa jujjuya tsofaffin faya-fayen garmaho na ƙasar Kyuba, da wuya bai ci karo da hoton wani dogon mutum ba, sanye da malafa mai faɗi da doguwar kwat, yana riƙe da sanda. Wannan shi ne Benny Moré, wanda da yawa daga mutanen Kyuba ke ɗauka a matsayin mawaƙi mafi girma da tsibirin ya haifa.

An haife shi ranar 24 ga Agustan 1919 a garin Santa Isabel de las Lajas, kuma sunansa na yanka Bartolomé. Shi ne babba cikin 'ya'ya 18 na wani gida matalauci. Zuriyarsa na da asali da Kwango, inda aka kamo wani kakansu aka sayar da shi bawa a Kyuba.

Tun yana yaro ya bar makaranta ya shiga saran rake. A 1940 ya koma birnin Havana, inda ya riƙa bin mashaya da jitarsa yana waƙa, in ya gama ya miƙa hula a jefa masa 'yan kwabbai.

A nan ne Siro Rodríguez na ƙungiyar Matamoros ya ji muryarsa. A 1945 ƙungiyar ta tafi da shi Meziko, kuma da za ta dawo ya yi zamansa. Can ya sauya suna, domin a Meziko jakuna ake kira Bartolo. Faya-fayen da ya yi wa kamfanin RCA Victor tare da Pérez Prado, sarkin kiɗan mambo, sun sa ya yi suna sosai.

Abin mamaki game da Benny shi ne bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Amma a 1953 ya kafa babbar ƙungiyarsa mai suna Banda Gigante, wadda akasarin makaɗanta baƙar fata ne. Yakan rera wa masu busa yadda yake son kowane sashe ya fita, ƙwararru su rubuta. A kan dandali kuwa, da kafaɗa da ƙafa da sandar nan yake ba su umarni, yana rawa. Saboda haka sandar da ake gani a bangon faya-fayensa ba ado kawai ba ce, kayan aiki ce.

Shigar tasa ta dace da zamani. Faya-fayen farko waƙa ɗaya suke ɗauka a kowace fuska, galibi cikin jakar takarda marar hoto. Da manyan faya-faye masu waƙoƙi da dama suka yaɗu a shekarun 1950, sai bango ya zama wurin talla, kuma Benny na da siffar da ake ganewa daga nesa.

Bayan juyin juya halin 1959 mawaƙa da dama, ciki har da Celia Cruz, sun bar ƙasar. Shi ya ƙi fita. Sai dai giya ta riga ta lalata masa hanta. Ya yi wasansa na ƙarshe a garin Palmira, ya rasu a Havana kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 19 ga Fabrairun 1963, yana da shekara 43. Dubban jama'a ne suka raka gawarsa zuwa Lajas, garin da ya yi wa waƙa da sunansa.