Alƙali Munziru ɗan Sa'idu da Gidan Marayu

An haifi Munziru ɗan Sa'idu al-Balluɗi a ƙasar Andalus, watau Sifen ta yau, wajen shekara ta 273 bayan Hijira. Ya tafi Gabas neman ilmi, ya yi hajji, ya yi karatu a Makka da Masar, sa'an nan ya komo gida. A shekara ta 339 Halifa Abdurrahman na Uku ya naɗa shi babban alƙalin Ƙurɗuba. Ra'ayinsa ya fi karkata ga mazhabar Zahiriyya, amma in ya zauna shari'a da mazhabar Maliku yake hukunci, domin ita jama'ar ƙasar ke bi.

Wata rana Halifa ya yi sha'awar wani gida a birnin, ashe na waɗansu marayu ne. Ya aika aka yi masa ƙima, sai wasiyyinsu ya ce ba ya da ikon sayarwa sai da yardar alƙali. Munziru ya ba da amsa cewa ba a sayar da dukiyar maraya sai don bukata, ko tsoron lalacewa, ko riba bayyananniya. Yaran nan kuwa ba su cikin bukata, gidan lafiya lau yake, kuɗin da aka taya kuma bai kai ba.

Halifa ya yi kamar ya haƙura. Amma alƙali ya san halin masu mulki, ya ji tsoron kada sha'awar ta komo. Sai ya sa aka rushe gidan aka sayar da kayan ginin, kuɗin da aka samu har ya ɗara ƙimar da mutanen fada suka yi wa gidan duka, ga fili kuma ya saura a hannun yaran. Da Halifa ya kira shi ya ba da dalili, sai ya kafa hujja da ƙissar jirgin miskinai da ke cikin Suratul Kahfi, wanda aka huda don kada sarki ya ƙwace. Magana ce mai zafi ƙwarai, amma Halifa ya karɓa.

Haka kuma ya taɓa sukar Halifa a huɗubar Jumma'a saboda almubazzaranci wajen ginin birnin Zahra'u. Halifa ya fusata har ya daina bin sa sallar Jumma'a. Ɗansa Hakamu ya ba da shawarar a tuɓe shi daga limancin, uban ya ƙi.

Munziru ya rasu a shekara ta 355, watau 966 Miladiyya, a zamanin Hakamun nan, yana kan kujerar alƙalanci. Allah Ya ji ƙansa.