Francis Bebey: Mawaƙin Kamaru da ya ajiye aikin UNESCO ya mayar da gidansa situdiyo

A shekarar 1974, wani babban ma'aikaci a hedikwatar hukumar UNESCO da ke birnin Paris ya ajiye aikinsa yana da shekara 45, ga iyali, ga albashi mai tsoka. Abin da ya fita da shi domin neman abinci shi ne jita da alƙalami.

Sunansa Francis Bebey, ɗan ƙasar Kamaru. Sama da shekara 20 ke nan da rasuwarsa, amma waƙoƙin da ya naɗa da hannunsa a cikin gidansa sun fi samun masu sauraro a yau fiye da lokacin da ya fitar da su.

Daga Douala zuwa Paris

An haifi Bebey ranar 15 ga watan Yulin 1929 a Douala, birnin da ke bakin teku a Kamaru, lokacin Faransa na mulkin yankin. Mahaifinsa fasto ne, don haka ya tashi da waƙoƙin coci da kiɗan Turawa a kunnensa, a zamanin da 'yan mishan ke kallon kiɗan gargajiya a matsayin abin da ya kamata a guje masa.

Ya tafi Faransa karatu, inda ya koyi aikin rediyo, ya kuma ƙaro ilimi a birnin New York na Amurka. Ya yi aikin jarida da watsa labarai, har da wani ɗan zama a Ghana a farkon samun 'yancin ƙasar. A 1961 ya shiga UNESCO, daga baya aka damƙa masa sashen da ke kula da harkar kiɗa.

Wannan aiki ya ba shi damar zagaya Afirka yana sauraron makaɗan ƙauyuka yana nazarin kayan kiɗansu. Daga nan ne ya rubuta littafinsa kan kiɗan Afirka a 1969, wanda aka fassara zuwa Turanci, kuma har yanzu ɗalibai na karanta shi.

Kafin nan ma ya yi suna a rubutun ƙagaggun labarai. Littafinsa Le Fils d'Agatha Moudio, wato ɗan Agatha Moudio, ya fito a 1967 a Yaounde, ya kuma lashe babbar kyautar adabin Afirka ta masu rubutu da Faransanci a 1968.

Me ya sa ya kafa kamfaninsa?

A wancan zamani, mawaƙi ba ya kai wa ga jama'a sai ta hannun kamfanin faifai. Kamfani ne ke da situdiyo, shi ke biyan kuɗin buga faifan garmaho, shi ke rarraba shi a shaguna. Wanda ya biya kuɗin kiɗa kuwa shi ke zaɓen rawar da za a taka.

A Turai, akasarin masu saye sun riga sun yanke yadda kiɗan Afirka ya kamata ya kasance: ganguna da rawa, ko kuma kiɗan gargajiya da masu bincike suka naɗo daga ƙauye. Bebey bai dace da ko ɗaya ba. Yana kaɗa jita irin ta manyan makaɗan Sifaniya, yana ba da labari cikin barkwanci, yana waƙa da harshen Duala da Faransanci da Turanci, sannan yana sha'awar sabbin na'urorin kiɗa masu aiki da lantarki.

Maimakon ya tsaya jiran amincewar wani, sai ya haɗa situdiyo a gidansa da ke Paris, ya kafa kamfanin faifai nasa mai suna Ozileka. Shi ke rubuta waƙa, shi ke kaɗawa, shi ke naɗa, shi ke fitarwa.

Dabarar ita ce na'urar naɗar sauti mai layuka da yawa. Zai fara naɗar bugun ganga daga na'ura a layi ɗaya, ya dawo ya ɗora jita a wani layin, ya ƙara molon lantarki, a ƙarshe ya ɗora muryarsa. Mai sauraro zai ɗauka ƙungiya guda ce ke wasa, alhali sau da yawa mutum ɗaya ne a ɗaki. Da haka ya zama ɗaya daga cikin 'yan Afirka na farko da suka rungumi irin waɗannan na'urori tun a shekarun 1970. A tsawon rayuwarsa ya fitar da kundin waƙoƙi sama da 20.

Dariya mai ɗauke da saƙo

Ƙarfin Bebey a rubutun waƙa shi ne iya faɗar magana mai nauyi cikin raha. A waƙarsa La Condition masculine ta 1976, ya shiga rigar wani magidanci da ke ƙorafin cewa matarsa ta daina yi masa biyayya tun da ta ji labarin 'yancin mata. Mai sauraro zai yi ta dariya, kafin ya gane cewa mijin ne ake yi wa shaguɓe.

A waƙar Agatha kuwa, miji baƙar fata ne ke tuhumar matarsa baƙar fata da ta haifi jariri fari, labarin da ya yi daidai da na littafinsa Le Fils d'Agatha Moudio. A ƙarƙashin barkwancin akwai maganar abin da zaman Turawan mulkin mallaka ya bari a gidajen mutane.

A farkon shekarun 1980 ya karkata ga kayan kiɗan gargajiya guda biyu. Na farko shi ne sanza, ɗan ƙaramin katako mai siraran ƙarafa da ake taɓawa da manyan yatsu. Na biyu kuma wata 'yar sarewa ce mai sauti ɗaya tak, ta mazauna kurmin tsakiyar Afirka, wadda mai busa ta ke cakuɗa busar da muryarsa har su zama waƙa. Mutanen birni sun daɗe suna raina waɗannan al'ummomi, shi kuwa ya ɗauke su malamai. Da wannan sarewa ya yi The Coffee Cola Song, inda ya juya zargin rashin wayewa kan mutanen birni masu son kuɗi da yaƙi.

Ya kuma yi wa fim ɗin Yaaba na Idrissa Ouedraogo, ɗan Burkina Faso, kiɗa a 1989.

Farashin cin gashin kai

'Yancin da ya samu bai zo a banza ba. Ƙaramin kamfani ba shi da ƙarfin talla da rarrabawa irin na manya, don haka da yawa daga fayafayan Ozileka ba su yaɗu sosai ba, daga baya suka yi wuyar samu. Jama'a sun san shi da waƙoƙin barkwanci, amma gwaje-gwajensa da na'urori sun kasance a ɓoye ga mafi yawan mutane.

Bebey ya rasu a Paris ranar 28 ga watan Mayun 2001 yana da shekara 71.

Yadda intanet ta dawo da shi

A 2012, wani ƙaramin kamfani a Paris mai suna Born Bad ya tattara waƙoƙinsa na lantarki da ya naɗa tsakanin 1975 da 1982 ya sake fitar da su. A 2014 ya biyo da tarin kiɗansa na sanza. Waƙoƙin suka hau YouTube da Spotify da Bandcamp, matasan da ba a haife su ba lokacin da aka naɗe su suka yi ta mamakin yadda sautin ya yi kama da na zamaninsu.

A 2017, ƙungiyar mawaƙan Arcade Fire ta Kanada ta ɗauki busar sarewar The Coffee Cola Song ta saka a waƙarta Everything Now, kuma ɗansa Patrick Bebey ne ya busa. 'Yarsa Kidi Bebey, marubuciya, ta fitar da littafi kan rayuwar gidansu a 2016. A ranar 15 ga Yulin 2019 kuma, Google ya karrama shi da zane a shafinsa na farko domin cikarsa shekara 90 da haihuwa.

Abin da ya buƙaci ɗaki cike da na'urori a zamanin Bebey, yau matashi na iya yin sa da kwamfuta ɗaya ko ma waya, ya ɗora a intanet cikin minti kaɗan. Abin da na'ura ba ta bayarwa shi ne wanda ya sa ake komawa ga fayafayansa: shekarun da ya shafe yana sauraron makaɗan ƙauye, da kunnen marubuci, da kuma ƙin yarda wani ya faɗa masa irin kiɗan da ya dace ɗan Afirka ya yi.