Humer Hultl: Likitan Da Ya Janye Hajarsa Daga Kasuwa

Duk wadda ta taɓa ɗaukar buhun gero daga Issawane zuwa kasuwar Tasawa ko Mayahi ta san idan ɗinkin bakin buhu ya kwance, hatsi ne zai zube. To a ɗakin tiyata kuwa, idan ɗinkin tumbi ko na hanji ya yi yoyo, rai ake rasawa. Matsalar da ta dami Humer Hultl ke nan, likitan fiɗa ɗan ƙasar Hangari da aka haifa a 1868.

A 1908, shi da wani maƙerin kayan asibiti mai suna Victor Fischer suka ƙera na'urar da ke matse tumbi ta kafa masa 'yan wayoyin ƙarfe jere huɗu a lokaci guda. Kowace waya tana lanƙwashewa kamar harafin B, ta riƙe nama ba tare da ta tsayar da jini ba. Har yau haka ake lanƙwasa su. Sai dai na'urar ta haura kilo 3, kuma jera mata wayoyi kan ci awa 2.

A 1921 wani matashin likita, Aladar Petz, ya fito da wadda ta fi sauƙin riƙewa. Hultl ya gwada ta a kan gidan tabaraunsa na fata, ya amince ta fi tasa, ya sa aka daina ƙera tasa.

Mu da muke cin abinci a kasuwa mun san nauyin mutum ya furta cewa hajar maƙwabci ta fi tasa. Hultl ya rasu a birnin Budapest a 1940.