Agata Kiristi (1890-1976): matar da ta ɓoye mai kisa a bayan mai ba da labari

A ƙauyukan Gidan Rumji, ko na Agye da Gazawa, in aka wayi gari an kwance sa daga turke, abin da aka saba shi ne a kira masu bin sawu, a tara maƙwabta gaban mai gari, kowa ya faɗi inda ya kwana da abin da ya ji. Wanda ba a cika waiwaya ba shi ne dattijon da ya fara kawo labarin, ya kuma shiga gaba wajen cigiya. A kan wannan rauni na ɗan Adam wata Baturiyar Ingila, Agata Kiristi, ta gina littafin da ya ɗaukaka sunanta a 1926. Masu karatun Faransanci sun san ta da Agatha Christie, yadda ake rubutawa a bangon ƙananan littattafan nan masu ruwan ɗorawa na jerin Le Masque. Ga tarihinta, tare da abin da littafin ya ƙunsa na ƙarfi da na rauni.

Asalinta

An haife ta ran 15 ga watan Satumba 1890 a Torquay, wani gari na bakin teku a kudu maso yammacin Ingila. Ita ce auta cikin ƴaƴa uku na Frederick Miller, Ba'amurke, da matarsa Clara. Ba a sa ta lakwal tana ƙarama ba. A gida ta koyi karatu, kusan da kanta. Uban ya rasu a 1901, ya bar gidan cikin ƙuncin kuɗi. Da ta kai shekara 15 aka kai ta Paris koyon kiɗan piyano da waƙa, amma kunyar tsayawa gaban jama'a ta hana ta cin abinci da wannan sana'a.

A ƙarshen 1914, yaƙin duniya na farko ya riga ya ɓarke, ta auri Archibald Christie, hafsan sojan sama. Yana bakin daga, ita kuwa tana jinyar sojoji a asibitin Torquay, daga baya aka mai da ta ɗakin haɗa magunguna, har ta ci jarrabawar wannan aiki a 1917. Nan ta san guba iri iri, da awon da ke warkarwa da wanda ke kashewa. Nan kuma ta rubuta littafinta na farko, bayan yayarta Madge ta tsokane ta cewa ba za ta iya tsara labarin kisa ba. Gidajen ɗab'i da dama suka ƙi shi, sai a 1920 ya fito, wato La Mystérieuse Affaire de Styles. A cikinsa aka fara ganin Hercule Poirot, tsohon ɗan sandan Beljik mai murɗaɗɗen gashin baki, wanda ta siffanta da ƴan gudun hijirar Beljik da yaƙi ya kawo garinsu.

Kisan Roger Ackroyd

Littafin da ake magana a kansa ya fito a watan Yuni 1926, shekara guda bayan haka Albert Pigasse ya buɗe jerin Le Masque da fassararsa, Le Meurtre de Roger Ackroyd. Wanda bai karanta shi ba ya sani za a tona asirinsa a nan, don ba a iya auna littafin sai an san ƙarshensa.

Labarin ya faru a wani ƙauye, King's Abbot. Wata mata mai suna Ferrars, wadda ta kashe mijinta da guba a ɓoye, ta gaji da wani da ke tatsar kuɗinta yana barazanar tona ta, sai ta sha maganin barci ta mutu. Kafin nan ta aika wa attajiri Roger Ackroyd, mai neman aurenta, takarda ɗauke da sunan mutumin. A daren da takardar ta iso aka soke Ackroyd da wuƙa a ɗakin karatunsa. Zargi ya faɗa kan agolansa, Ralph Paton, wanda ya ɓace, aka kuma ga sawun takalmansa a bakin taga. Poirot, da ya yi ritaya yana noman kabewa a ƙauyen, ya karɓi binciken, likitan garin kuwa, James Sheppard, ya zama ɗan rakiyarsa, kuma shi ne ke ba mai karatu labarin daga farko har ƙarshe. To, wannan likita shi ne mai tatsar kuɗin, shi ne kuma mai kisan.

Ƙarfin littafin

Babban ƙarfinsa shi ne likitan bai yi wa mai karatu ƙarya ba, tsallake kawai ya yi. Ya faɗi cewa an shigo da takardar ƙarfe tara saura minti ashirin, ya fita daga ɗakin saura minti goma, amma bai faɗi abin da ya yi a tsakani ba. Ya faɗi cewa ya isa ƙofar waje ƙarfe tara daidai, alhali tafiyar ba ta wuce minti biyar ba. Duk sauran alamu suna gaban mai karatu: kujerar da aka jawo daga bango, wayar tarho da aka buga daga tashar jirgin ƙasa, da muryar mamacin da aka ji ƙarfe tara da rabi, wadda ashe na'urar ɗaukar magana ce likitan ya ɗana ya ɓoye bayan kujerar. Sawun ma shi ya yi shi da takalman Ralph. Wanda ya sake karanta littafin sai ya ga kowace jimla tana da fuska biyu.

Na biyu, marubuciyar ta san inda amanar mutane take. Mai karatu ya saba, tun daga labaran Sherlock Holmes, cewa abokin mai bincike likita ne mai gaskiya, saboda haka ba ya zarginsa, kamar yadda mutanen ƙauyen ba su zargi wanda ke shiga ɗakunansu yana riƙe asirinsu ba. Da ɗan gari akan ci gari. Na uku, akwai Caroline, yayar likitan, sarauniyar tsegumi, wadda ke samun labarin kowa ta bakin barori da masu kawo kaya. Ita ce mutum mafi rai a littafin, kuma daga gare ta aka samo tushen Miss Marple, tsohuwar nan mai bincike da ta yi suna daga baya.

Rauninsa

Tun fitowarsa wasu suka ce an yaudari mai karatu. A 1929 Ronald Knox ya jera ƙa'idoji goma na irin wannan labari, ɗaya daga ciki ita ce kada abokin mai bincike ya ɓoye abin da ke zuciyarsa. Wannan suka tana da amsa, tunda ba a hana mai karatu zargin kowa ba. Amma akwai waɗanda suka fi ta nauyi.

Na farko, dabarar kisan ta yi sarƙaƙiyar da ba ta kama hankali sosai. Mutumin da bai tabbatar takarda za ta zo ba, ya tanadi na'ura mai agogo, da takalman wani, da wanda zai buga masa waya, kuma kome ya tafi daidai cikin ƴan mintoci. Na biyu, mutuwa a littafin ba ta da zafi: an kashe mai gida, amma ba a ga makoki na gaske ba, sai lissafin gado da na lokaci. Yawancin mutanen ciki kamar ƴaƴan dara suke, kowa da asirinsa guda da aka ba shi don ya ruɗa mai karatu. A kan haka Edmund Wilson, mai sharhin adabi na Amurka, ya rubuta a 1945 cewa ba abin damuwa ba ne sanin wanda ya kashe Ackroyd. Na uku, ƙarshen labarin yana da abin tambaya: Poirot bai miƙa likitan ga shari'a nan take ba, ya bar masa hanyar kashe kansa don a rufa wa yayarsa asiri, wato ya zama mai bincike kuma alƙali. A 1998 malamin adabi na Faransa, Pierre Bayard, ya rubuta littafi guda yana nuna hujjojin Poirot ba su isa ba, har yana ganin Caroline ce ta yi kisan. Duk da haka, a 2013 ƙungiyar marubutan labaran laifi ta Ingila ta zaɓi littafin a matsayin wanda ya fi kowane a fanninsa.

Kwana goma sha ɗaya

Shekarar da ta kawo mata suna ita ta kawo mata baƙin ciki. Uwarta ta rasu a watan Afrilu 1926, mijinta kuma ya nemi su rabu saboda wata mace. Ran 3 ga Disamba ta fita da mota da dare, washegari aka tsinci motar ba kowa ciki. Ƴan sanda fiye da dubu da dubban jama'a suka shiga nema, sai ran 14 ga watan aka gan ta a wani otal a Harrogate, ta yi rajista da sunan dangin matar da mijin ke so. Likitoci suka ce mantuwa ce ta same ta. Auren ya mutu a 1928.

A wannan shekarar ta shiga jirgin ƙasa na Orient-Express, ta ci gaba har Bagadaza. A 1930, a kufan tsohon birnin Ur na ƙasar Iraƙi, ta haɗu da Max Mallowan, mai binciken kayan tarihi, suka yi aure. Ta yi shekaru tana bin sa wuraren tono a Siriya da Iraƙi, tana ɗaukar hoto, tana goge kayan hauren giwa na Nimrud. Tafiye-tafiyenta suka haifi Le Crime de l'Orient-Express a 1934 da Mort sur le Nil a 1937. Wani littafinta na 1939 ya fito da suna mai cin mutuncin baƙar fata, abin da ke nuna ƙuntataccen kallon zamaninta ga waɗanda ba Turawa ba. Sai a 2020 aka sake masa suna a Faransanci, Ils étaient dix.

Ta rubuta littattafan bincike 66. Wasanta na dandali, La Souricière, da aka fara a Landan a 1952, bai tsaya ba sai da annobar korona ta rufe gidajen wasa a 2020, aka koma a 2021. Sanin gubarta ma ya yi rana: a 1977 wata mai jinya a Landan ta gane cutar wata jaririya daga Katar saboda ta karanta alamomin gubar taliyom a littafinta na 1961, aka ceci yarinyar. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta Dame a 1971. Ta rasu ran 12 ga Janairu 1976 a gidanta kusa da Wallingford, tana da shekara 85.

Tarihin rayuwarta da ta rubuta da hannunta ya fito a 1977. Ta ba da labarin ƙuruciya, da yaƙi, da mutuwar aure, da hamadar Iraƙi, amma kwanakin nan goma sha ɗaya ba ta taɓa su ba. Kamar likitan littafinta, ba ta yi ƙarya ba, ta tsallake. Abin da mai karatu zai riƙe, ko yana zaune gaban mai gari ko yana karanta jarida, shi ne duk wanda ke ba da labari, kome girmansa, a saurari abin da ya faɗa, a kuma ƙirga mintocin da ya bari.