Harry Vardon: Ɗan mai aikin lambu da ya ɗauki kofin Open sau 6

A yau mun waiwayi rayuwar Harry Vardon, gwanin wasan golf da ya kafa tarihin da har yanzu ba wanda ya kamo, ko da yake fiye da shekaru 100 sun wuce. A wannan wasa, wanda ya jefa ƙwallo cikin ramuka da bugu mafi ƙaranci shi ne ke da nasara.

An haife shi ranar 9 ga watan Mayu 1870 a Grouville, cikin tsibirin Jersey da ke daf da gaɓar Faransa amma yake ƙarƙashin masarautar Ingila. Mahaifinsa mai aikin lambu ne. Tun yana yaro yake ɗaukar wa masu hali jakar sandunan wasa, a nan ya koyi bugu ta hanyar kallo. A 1890 ya bi ƙanensa Tom zuwa Ingila, inda ya samu aikin kula da filin golf.

Ya fara cin gasar Open ta Birtaniya a 1896 a Muirfield, bayan ya doke J.H. Taylor a wasan raba gardama. Ya sake ɗauka a 1898 da 1899. A 1900 ya ƙetara Amurka ya ciyo gasar US Open a Chicago. Kofi na huɗu ya zo a 1903 a Prestwick, ƙanensa Tom na biye da shi.

A wannan shekara ce likitoci suka gano yana ɗauke da tarin fuka, cutar da ba ta da magani a wancan zamani. Ya yi watanni yana jinya a Mundesley. Ya tashi, amma hannunsa na dama ya riƙa rawa idan ya zo ɗan gajeren bugun ƙarshe na kusa da rami. Shekaru 8 ya yi bai ga kofin ba, Taylor da James Braid suna ta kwasa.

A ganinmu, nan ne girman mutumin yake. A 1911, yana da shekaru 41, ya doke Arnaud Massy na Faransa a wasan raba gardama a Sandwich. A 1914 suka isa Prestwick shi da Taylor da Braid, kowa na da kofi 5. Vardon ya wuce Taylor da bugu 3, ya cika na 6 yana ɗan shekara 44.

Amurka dai ba ta sake yi masa daɗi ba. A 1913 wani matashi ɗan shekara 20, Francis Ouimet, ya kayar da shi a Brookline, a 1920 kuma ya zo na biyu yana da shekaru 50.

Ya rasu ranar 20 ga watan Maris 1937 a arewacin Landan. Salon riƙon sanda da ya yaɗa yana ɗauke da sunansa, kuma shi mafi yawan ƙwararru ke amfani da shi. Peter Thomson da Tom Watson sun tsaya a kofi 5. Watson ya kusa kamo shi a 2009 a Turnberry, amma ya faɗi a wasan raba gardama.