Ibnul Haisam: Malamin da Ya Bi Sawun Haske Cikin Ɗakin Duhu

Daga cikin malaman Musulunci da duniya ke cin gajiyar aikinsu har yau akwai Abu Ali al-Hasan ɗan al-Hasan ɗan al-Haisam, wanda Turawa ke kira Alhazen. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 354 bayan Hijira, daidai da 965 Miladiyya. A can ya tashi, ya ƙware a lissafi da ilimin taurari, har sunansa ya kai Masar.

Malaman tarihi, irin su Ibnul Ƙifɗi, sun ruwaito cewa labari ya iske sarkin Faɗimiyyawa, al-Hakim bi Amrillah, cewa wannan masani yana da dabarar sarrafa ambaliyar Kogin Nilu. Sarki ya gayyato shi, ya haɗa shi da ma'aikata suka nufi kudu. Da suka isa kusa da Aswan ya ga kogin da idonsa, sai ya gane cewa aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa. Ya komo ya faɗa wa sarki gaskiya. To, al-Hakim mutum ne mai saurin zubar da jini, saboda haka Ibnul Haisam ya yi kamar ya taɓu, aka tsare shi a gida har sarkin ya kau a 1021. Daga nan ya zauna kusa da masallacin Azhar a Alƙahira, yana ci da guminsa ta hanyar kwafar littattafan lissafi na Uƙlidus da Batlimus.

Babban aikinsa shi ne Kitabul Manazir, littafi mai kashi bakwai a kan haske da gani. Kafin shi, manyan masana lissafi na Girka sun tafi a kan cewa ido ne ke fitar da wani haske ya je ya taɓa abin da ake kallo. Ibnul Haisam ya kafa hujja cewa hasken daga jikin abin yake tasowa ya shiga ido. Bai tsaya ga hujjar baki ba. Ya rufe ɗaki ya yi duhu, ya bar 'yar kafa ɗaya, ya jera fitilu a waje, sai hasken kowace fitila ya sauka a gurbinsa a jikin bango. Idan ya rufe fitila ɗaya, gurbinta kaɗai ke dushewa. Da haka ya nuna cewa haske miƙe yake tafiya, kuma haske ba ya cakuɗewa da wani haske a hanya. Irin wannan gwaji shi ya kira i'itibari.

Akwai wani abu da ya lura da shi wanda kowannenmu ya taɓa gani: idan hasken rana ya ratso ta kafar ɗaki mai duhu, ba ma ganin hanyarsa sosai sai iskar ɗakin na ɗauke da ƙura ko hayaƙi. Ya kuma bayyana cewa duk abin da haske ya sauka a kansa, shi ma yana watsa wani haske ta kowace fuska. Ma'ana, ƙwayar da ta yi wa ido ƙanƙanta, hasken da ta watsa yana tona asirinta.

Ya rasu a Alƙahira wajen 430 bayan Hijira, wato 1040. Allah Ya jiƙansa. Bayan kusan ƙarni uku, Kamaluddin al-Farisi ya yi sharhin littafin a Tabriz, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya bi yadda haske ke ratsa shi, ya bayyana yadda bakan gizo ke samuwa. An fassara Manazir zuwa Latinanci, aka buga shi a Basel a 1572, masana irin su Kepler suka ɗora a kansa.

Wannan hanya ta miƙe har zuwa 1928, lokacin da masanin Indiya C. V. Raman ya gano cewa ɗan kaɗan daga hasken da ruwa ya watsa yana sauya launi gwargwadon sinadarin da ya ci karo da shi. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1930. A yau masu haɗa magunguna na narkar da sinadari a ruwa, su bar shi ya sake daskarewa ya zama ƙwayoyi masu tsari, kamar yadda gishiri ke fitowa idan ruwansa ya ƙafe. Sinadari ɗaya na iya daskarewa a siffofi daban-daban, kuma wata siffar ba ta narkewa da kyau a cikin majiyyaci. Don haka sai su harba hasken leza cikin ruwan, su auna abin da ya watsu, su san lokacin da ƙwayoyin suka fara haɗuwa da kuma siffar da suka ɗauka. Ibnul Haisam bai san leza ba, amma tushen da ake aiki da shi irin na ƙurar ɗakinsa ne.

Ya kuma rubuta littafi guda yana fito da kurakuran Batlimus, mutumin da ya shekara yana kwafar littafinsa, domin a wurinsa girman marubuci ba ya hana a bincika maganarsa. Mu da muka gaji ilimin tantance ruwaya daga malaman Hadisi, wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce gare mu. Abin da ya rage shi ne mu raka 'ya'yanmu da ita zuwa ɗakin gwaji, mu koya musu su auna kafin su yarda, su kuma iya cewa aiki ya gagara idan ya gagara, ko da a gaban sarki ne.