Tarihin Kiristofa Kokarel, Maƙagin Jirgi Mai Tafiya Bisa Iska

Duk wanda ya taɓa ganin yadda babbar mota ke kafewa cikin rairayin gulbi a ƙasar Jibiya ya san cewa abin hawa bawan hanya ne. Mutumin da ya nemi 'yanta shi daga wannan bauta shi ne Kiristofa Kokarel.

An haifi Kokarel a birnin Kambirij na Ingila ranar 4 ga Yuni, 1910, kuma a jami'ar garin ya karanci aikin injiniya. A 1935 ya kama aiki da kamfanin Marconi, inda ya yi aikin na'urorin rediyo na jiragen sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi sai ya koma sana'ar ƙera kwalekwale da ba da su haya.

A nan ne ya lura cewa gogayyar jirgi da ruwa ita ke cinye masa gudu. Sai ya sa ƙaramin gwangwani cikin babba, ya hura iska ta tsakaninsu bisa sikeli, ya ga iskar da aka killace tana ɗaga nauyi fiye da wadda aka hura kai tsaye. Ya yi rajistar wannan dabara a 1955, amma gwamnati ta sa ta cikin asiran soja har 1958, ba ta kuwa ƙera kome ba. Bai karaya ba. Ranar 25 ga Yuli, 1959, jirgin farko, wato SR.N1, ya haye teku daga Faransa zuwa Ingila, shi kansa yana ciki.

Da ya ke jirgin bisa iska ya ke zaune, bai damu da abin da ke ƙarƙashinsa ba, ko ruwa ne, ko taɓo, ko rairayi, ko ƙanƙara. A ƙarshen 1969 wani ayarin Turawa ya taso da irinsa daga Sanagal, ya bi kogin Kwara da na Binuwai, har Tafkin Cadi. Amma a ƙasashen sanyi ne ya fi samun gindin zama, domin akwai lokacin da ƙanƙarar kogi ba ta ɗaukar mota, ba ta kuma barin kwalekwale ya wuce. A Alaska an kai wasiƙu da shi ƙauyuka, a Kanada kuwa da shi a kan farfasa ƙanƙarar koguna don hana ambaliya.

A 1969 aka ba Kokarel lambar girma ta Sa, daga baya kuma aka biya shi fam 150,000, abin da mutane da yawa suka ga bai kai wahalarsa ba. Ya mutu ranar 1 ga Yuni, 1999. Jirginsa bai ture mota ba, saboda ƙara da shan mai da tsada, amma inda hanya ta ƙare har yau shi a kan nema.